Numfashi a Rumfar Askin Tumaki

Hobart,
2 ga Nuwamba.

Zuwa ga Kakata kuma uwar ɗakina, Dulcie Yaxley,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa tare da girmamawar da ta dace da matsayinki, ina fatan wannan takarda za ta riske ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali. Yaya gwiwar nan taki mai riga ma'aikatan yanayi sanin zuwan ruwa? Yaya kaji, musamman baƙar nan mai shiga kicin ba sallama? Ina fatan iskar garinmu Currie ba ta sake kai miki shanya gidan maƙwabta ba. Ni dai lafiyata ƙalau, in ban da kewar farfesun kifinki.

Tun da kin rantse ba za ki riƙa karɓar muhimmin labari ta waya ba, wai ba ya zama a kai, ga shi na ɗauki biro. Maƙasudin wasiƙar nan albishir ne. Watanni uku kacal bayan karɓar digirina a kimiyyar sarrafa sauti, ƙungiyar Tsatsar Teku ta gayyace ni gwaji. Na san sunan ba zai motsa ki ba, amma ki yarda da ni, a duk faɗin tsibirin Tasmania babu wanda ya kama ƙafarsu a irin kiɗan metal ɗin nan mai rugugin ganguna da jita, na masu zurfin lissafi, wanda waƙa ɗaya takan ci minti ashirin tana sauya ƙirge. Wanda ya riƙe musu sauti shekara tara, wani dattijo mai suna Horrie Quarrell, likita ya tabbatar masa kunnensa na hagu ya fara ritaya, saboda haka shi ma zai bi sahunsa. Za a gwada ni a wasanni biyu. Na farko a Launceston ranar Lahadi mai zuwa, na biyu a wata rumfar askin tumaki kusa da Bothwell, inda suke taron shekara-shekara da masoyansu. Idan na gamsar da su, ni zan tsallaka teku da su zagayen birane goma sha ɗaya. Idan kuwa akasin haka ta faru, ban manta alkawarinmu ba: shekara ta ƙare ban samu aiki a fannina ba, zan dawo ɗan tsibirinmu in sa farar hula in kama aikin da kika roƙa mini a kamfanin cuku. Na ambaci wannan ne don cikar bayani kawai, ba don ina hango yiwuwarsa ba.

Kin sha tambayata, “Wai kai Fergus, in ba ka kiɗa ba ka waƙa, me kake tsinanawa a wurin?” Ga amsa a ilmance. Ni ne nake tsaye bayan miksa, wato teburin haɗa sauti, can cikin jama'a, kuma duk abin da ya fito daga dandamali sai ya ratsa ta hannuna kafin ya isa kunnen mutane. Babbar mas'alar wannan kiɗa ita ce cunkoso. Mai ganguna tana buga manyan ganguna biyu da ƙafafunta, mai jita yana da tsirkiya takwas maimakon shida, mai bes, wato jita mai kaurin murya, yana can ƙasa da shi, kuma dukkansu mazauni ɗaya suke nema, wato ɓangaren sauti mai kauri. In injiniya bai ƙware ba, sai su dame su zama kunu. Su kuma 'yan kallonsu ba masu tsalle ido rufe ba ne. Harɗe hannu suke yi suna ƙirge da kai, kuma in bugu ɗaya ya ɓace musu, sai sun rubuta shafi uku a intanet.

Jiya na gana da su a garejin da suke atisaye. Shugabarsu ita ce mai gangunan, Mags Dunbabin, gajeruwa mai damtsen masunta. Na shafe kusan rabin sa'a ina yi musu sharhin manhajar da nake auna ɗaki da ita, da makirufon awo, da zanen da yake baje kowane amo a kan allo. Da na dasa aya sai ta dubi mai jitar, Tevita, ta ce, “To, Allah ya kawo mana Farfesa. Farfesa, ni abu ɗaya na sani. In mutumin layin ƙarshe bai ji ƙafata ta hagu ba, ba ka yi aiki ba.” Na tabbatar mata cewa daga ranar na ɗauki amanar ƙafarta ta hagu. Tevita ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Shi kuwa Horrie, sai da zan tafi ya matso kusa da ni. Ya kalli ƙafafuna ya ce, “Ɗan nan, ka nemi takalmin da ba ya matsa ka.” Na gode masa cikin ladabi, ko da yake a shekaru ukun da na yi a jami'a ban ci karo da babin da ya danganta ingancin sauti da takalmi ba.

Ki miƙa gaisuwata ga Anti Noelene da duk 'yan cocinku. Ki ce musu su buɗe kunne, sunan Yaxley ya kusa tsallaka ruwa.

Naki har kullum, jikanki,
Injiniya Fergus Yaxley.


Hobart,
10 ga Nuwamba.

Kakata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki gaisuwar ɗa mai biyayya, da fatan kin tashi lafiya, kuma sanyin safiya bai hana ki zagayen lambunki ba. Ina fatan kina shan maganin hawan jinin a kan lokaci, ba sai ranar da kika ga dama ba. Ni jikina lafiya lau. Sauran sassan nawa kuwa, ga bayani.

Zan faɗa miki gaskiya ba ado, duk da kin san ado ɗabi'ata ce. Wasan Launceston bai tafi bisa tsarin da na shimfiɗa ba.

Sai na fara yi miki bayanin Numfashi, in ba haka ba ba za ki gane girman abin da na aikata ba. Suna da wata waƙa mai minti goma sha tara, da ita suke rufe kowane wasa. A minti na sha huɗu, bayan Mags ta yi ta zuba bugu a ƙirgen sha uku-sha uku, sai kowa ya tsaya cak. Ba ganga, ba jita, ba murya, na tsawon jan numfashi ɗaya. Masoyansu sukan ɗaga tafin hannu sama su yi tsit, sannan ɗakin gaba ɗaya ya buga ƙafa a ƙasa sau ɗaya tak, daidai da dawowar kiɗan. Ba mai ba su alama. Ƙafar Mags suke ƙirgawa a zuci, shi ya sa dole su ji ta tsaf. Akwai masu tuƙin sa'a huɗu saboda wannan bugu guda.

Wurin wani tsohon ɗakin taro ne mai bene ta baya. Na isa tun hantsi, na kafa miksa a ƙarƙashin benen saboda nan ne wayoyina suka fi sauƙin kaiwa, na dasa makirufon awo a gefena, na shiga daidaitawa. Allon ya yi ta nuna mini kaurin sauti ya yi ƙaranci, kunnena ma ya ba da shaida. Sai na ƙara. Da yamma jama'a suka cika, wajen ɗari uku, aka fara, amma ni ina jin gangunan kamar ana ƙwanƙwasa kwali. Na sake ƙarawa. Na lura mutane suna waiwayowa suna kallona, na ɗauka jinjina ce. Har na ɗaga wa wani hannu.

Da aka zo Numfashi makaɗa suka tsaya, amma ɗakin ya ƙi tsayawa. Wani gurnani, wanda sai a lokacin ya iso kunnena, ya ci gaba da kai-komo tsakanin bango da bango har ya cinye shirun kaf. Mutane sun ɓatar da ƙirge tun tuni, don haka bugun ƙafar ya zo a warwatse, wani gaba wani baya, kamar an kwance buhun dankali a kan matakala.

Da aka tashi, wani ƙato mai gemu har ƙirji ya zo ya dafa teburina. Daga baya na ji sunansa Dermot, kuma wai likitan haƙori ne. Ya ce, “Malam, tun daga Burnie na taso. Wallahi injin wankin gidana ya fi abin da ka ba mu fitar da magana.”

Mags ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Tana naɗe sandunanta cikin tawul ta ce, “Shekara tara muna kaɗa waƙar nan, Farfesa. Har a bayan tirela mun kaɗa ta. Ba a taɓa cinye mana Numfashi ba sai yau.” Na soma kawo hujjar allo. Ta ce, “Allon ne ya sayi tikiti?”

Bayan an watse, Horrie ya sa Tevita ya riƙa kaɗa tsirkiyarsa mafi kauri, shi kuma ya riƙe ni a gwiwar hannu ya ce, “Taka.” Taku huɗu kacal daga miksa, Kaka, sai sautin ya doke ni a ƙirji har haƙorana suka kaɗa. Na koma baya taku huɗu, ya ɓace ɓat. Ashe na kafa teburina daidai inda amon da yake fitowa daga sifika yake karo da wanda bango ya maido, su kashe juna. Mataccen wuri muke ce masa. Mun karanta shi a shekarar farko, na kuma amsa tambayarsa a jarrabawa da maki mai tsoka. Makirufon awon ma a cikin mataccen wurin na dasa shi, saboda haka ni da shi muka yi ta gaskata juna alhali mutum ɗari uku suna nutsewa.

Horrie ya ce, “Ni da kunne ɗaya da rabi, sau shida nake zagaya ɗaki kafin a fara, sau uku ana cikin yi. Kai da kunnuwa biyu sababbi fil ka kafe wuri ɗaya kamar turken wutar lantarki.” Na tambaye shi dalilin da bai ankarar da ni ba tun da rana. Ya ce, “Da na faɗa maka, da allo za ka nuna mini.”

Gwaji biyu aka yi mini alkawari, kuma Mags ba ta magana biyu, don haka saura Bothwell ranar ashirin da biyu. Horrie ya ce rumfar kwano ce sama da gefe, kuma a saninsa babu ɗakin da ya fi ta mugunta a tsibirin nan. Yau da safe na sayi takalmi.

Ina roƙon kada ki yi gaggawar wanke farar hular nan. Ki sa ni a addu'a, kuma wannan wasiƙar kada ta je hannun Anti Noelene.

Jikanki mai neman albarkarki,
Fergus.


Gonar Tulloch, kusa da Bothwell,
21 ga Nuwamba.

Kaka,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan gida da dabbobi duk suna lafiya. Ki gafarce ni da munin rubutu, a kan dilar ulu nake rubutawa bayan wunin dako.

Ni da Horrie mun iso jiya da safe, kwana biyu kafin wasa. Bai yi ƙarya ba. Rumfar doguwa ce, daɓenta katako ne da ya sha maiƙon ulu na shekara ɗari, komai nata kuma kwano. In ka tafa hannu sau ɗaya, sai ta amsa maka sau uku, ta ƙara da tsaki. Ya ce abin da yake yi duk shekara shi ne ya rage ƙara ya kuma yi addu'a.

Wannan karon ban tsaya bayan tebur ba. Na saki sautin tsirkiyar Tevita da na naɗa, na ɗauki alli, na shiga takawa. Duk inda gurnani ya taru sai in yi gicciye a ƙasa. Kafin azahar daɓen ya koma kamar maƙabarta. Sai da na kai kusurwar gabas, na yi taku ɗaya, na ji kamar an zare mini auduga daga kunne. Sautin ya tsaya a tsaye, da kaurinsa da iyakarsa. Na duba, ba komai a wurin sai dilolin ulu guda takwas da aka jingine.

Ina cikin zagaya su sai ga mai gonar, Winsome Tulloch, ta shigo da tarakta za ta kwashe su. Dattijuwa ce doguwa, fuskarta duk rana ta dafa. Ashe haka take yi kowace shekara, ta fitar da ulun kafin Horrie ya gama sauke kaya, don kada 'yan kiɗa su ɓata mata. Na tare gaban taraktar na fara yi mata jawabi kan yadda zaruruwa masu cunkushewa suke tsotse ƙarfin amo ta hanyar gogayya. Ta kashe inji ta ce, “Samari, yi mini magana irin ta mutane, ina da tumaki dubu biyu suna jirana.”

Na ce, “Ulunki yana shanye gurnani. Ina roƙon aron dila talatin zuwa jibi.”

Ta ce, “Wahalar shekara guda ce kake roƙo. Ɗigon giya ɗaya ya shiga ciki, mai saye zai jiyo warinsa tun daga Melbourne. Na san mutanen nan naku, kowa da kofi a hannu kamar da shi aka haife shi.”

A ƙarshe ta amince bisa sharaɗi ɗaya, kuma mai nauyi: kada ko gwangwani ɗaya ya ƙetare ƙofar rumfar. Mai jin ƙishi ya sha a waje. Ki fahimci lamarin, Kaka, wasan metal ba abin sha a hannu abu ne da tarihi bai san da shi ba, kuma ba ni da ikon yanke shi. Da Mags ta iso da yamma na kai mata maganar. Ta dube ni ta ce, “Mutum ɗari huɗu zan ce wa su ajiye kofi a kan maganar wanda ya cinye mini Numfashi. In na hana su sha, sauti kuma ya sake zama kunu, ni za su ci da baki. Allon ne ya gaya maka?” Na ce a'a, takawa na yi. Ta je kusurwar da kanta, ta shiga ta fita, ta shiga ta fita. Sannan ta ce wa Tevita ya nemo kwali da fenti.

Yau tun asuba muke dako, mu da masu askin tumaki uku da Winsome ta ara mana. Kowace dila ta kusa kilo ɗari biyu, kuma ba ta da wurin kamawa sai da ƙugiya. Mun cika kusurwoyi huɗu, mun jera sauran a bangon baya, biyu-biyu a kan juna. Masu askin sun yi ta tsokanar Tevita, wai ga damtse ga gashi amma tsirkiya takwas ce iyakar abin da ya taɓa ɗauka. Shi kuma ya ce su bari ya gama, zai yi musu aski da kansa.

Da muka kammala Horrie ya tsaya a tsakiya ya tafa hannu. Rumfar ta amsa sau ɗaya ta yi shiru. Ya sake tafawa. Na ƙirga, sau tara ya yi. Sannan ya ce, “Kai, jama'a! Shekara tara ina tsaye ina kallon matar nan tana fitar da maganin ciwona da tarakta, har ina riƙe mata ƙofa.”

Gobe ƙarfe huɗu na yamma ne. Ba zan yi miki alkawarin komai ba, na koyi wannan aƙalla. Amma zuciyata wasai take.

Naki,
Fergus.


Hobart,
24 ga Nuwamba.

Zuwa ga Kakata, hasken gidan Yaxley,

Bayan gaisuwa irin ta ƙauna da ban girma, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, kin kuma samu barci a kwanakin nan duk da na san zullumin da na jefa ki. Ki zauna a kujerarki ta bakin taga, ki zuba shayi, domin wannan wasiƙar ba ta karantuwa a tsaye.

Ranar Asabar gari ya waye garau, rana ta buɗe sosai. Tun sha biyu motoci suka cika makiyayar gaba, aka kafa gashin tsiran rago, ko'ina baƙaƙen riguna. Kwalin da Tevita ya rubuta yana rataye a ƙofa: ULU NA CIKI, KOFI A WAJE. An yi gunaguni, ba zan ɓoye ba. Wani ya ce shi bai taɓa jin jita da maƙogwaro a bushe ba, bai san ko kunnensa zai yi aiki ba. Amma da Winsome ta tsaya a bakin ƙofa da karenta, sai ga ƙarti masu zanen ƙoƙon kai a wuya suna shanye kofi a tsaye, suna nuna mata tafin hannu kamar 'yan firamare ranar duba farce. Daga baya su da kansu suka zama 'yan gadi. Na ji wani yana ce wa abokinsa, “Kai, sauke gwiwarka daga kan dilar nan, ba gadon babanka ba ne.”

Ƙarfe huɗu Mags ta buga sanda. Kaka, ba ni da kalmar da za ta ɗauki abin da ya fito, kuma kin san ba kasafai nake rasa kalma ba. Kowace ƙafa tata ta fito daban, kamar ana jera ƙwai a faranti. Bes yana ƙasa yana tafiyarsa, jita tana bisansa, ba mai taka wani. Na ga kawuna ɗari huɗu suna sauka lokaci ɗaya. Na bar teburin, na ɗauki ƙaramin allon hannu da nake iya sarrafa miksa da shi, na kutsa cikin jama'a. Gaba lafiya. Tsakiya lafiya. Layin ƙarshe lafiya, ƙafar hagu tana nan cif.

A zagaye na uku ne, saura waƙa ɗaya a shiga ta ƙarshe, na jiyo wani abu kusa da ƙofar gefe. Duk sanda Tevita ya sauka kan tsirkiyarsa mafi kauri, sai wani zizar ya biyo baya, ya kuma daɗe bayan sautin ya wuce. Na bi shi da kunne har na dafa shi da hannu. Fallen kwano ne guda a bangon yamma. Da safe da muka yi gwaji yana da sanyi, ya kame a jikin katako. Da rana ta gasa shi sai ya buɗe ya saki ƙusa. Yanzu kiɗa yana rufe shi, amma na san a Numfashi shi kaɗai zai rage yana magana, kuma a kan wannan tsirkiyar ake tsayawa.

Ba guduma, ba lokaci, kuma dila ba ta matsuwa a cikin wannan cunkoso. Ni ba zan iya tsayawa a wurin ba, don akwai muryar mawaƙi da zan ƙara wa ƙarfi a minti na sha biyu, kuma sai daga tsakiya zan ji ta daidai. Na waiga neman mutum mai faɗin baya, sai idona ya faɗa kan gemu har ƙirji. Dermot ne, likitan haƙoran Burnie, ya harɗe hannu a wuri mafi daɗin sauti a duk rumfar, wanda na ji tun ƙarfe biyu ya kama shi.

Na kai bakina kunnensa na ce, “Ranka ya daɗe, bayanka nake roƙo.” Ya dube ni ya gane ni. Ya ce, “Kai ne mai injin wanki?” Na ce ni ne. Na ja shi na ɗora tafinsa a kan kwanon. Tevita ya sauka kan tsirkiyar, ya ji yadda abin yake rawa. Ya juya ya manna bayansa, ya tokare ƙafa, ya ce, “Zafi kamar kaskon suya. Minti nawa?” Na ce sha tara. Ya ce, “Tafi ka yi aikinka. In na gasu ka gaya wa matata a bakin aiki na mutu.”

Aka shiga waƙar. Na koma tsakiyar jama'a na tsaya. Minti na sha biyu na ƙara wa muryar mawaƙin ƙarfi. Minti na sha uku Mags ta shiga ƙirgen sha uku-sha uku, na ga leɓuna suna motsi kewaye da ni. Ni ma ƙirgawa nake. Sai suka tsaya.

Shiru, Kaka. Shiru na gaske, mai tsabta, irin wanda ake ji a ƙirji. Hannuwa ɗari huɗu a sama. Kuma a tsakiyar wannan shirun, daga can garken bayan rumfa, wata tunkiya ta ce, “Mee.”

Ba wanda ya ɓata ƙirge. Ƙafafu suka sauka tare, bugu ɗaya, har ƙurar shekara ɗari ta yi tsalle daga tsakanin katakai, kiɗan ya dawo kamar an buɗe madatsar ruwa. Sai a lokacin dariya ta ɓarke. Mags tana bugu tana dariya, Tevita ya kusa yar da jita. Na hango Winsome a ƙofa ta cire hula tana dukan cinyarta da ita. Dermot bai ɗaga bayansa ba sai da sautin ƙarshe ya mutu, rigarsa ta manne masa, yana ihu wai shi ma yau ɗan ƙungiya ne, kwano yake kaɗawa.

Ni kuwa na zagaya bayan dilolin na yi kuka. Na rubuta miki wannan ne don ke kaɗai. Horrie ya same ni a wurin, ya zauna kusa da ni. Can ya ce, “Na ji ta. Da kunnen hagu ma na ji ta.”

Mags ba ta yi mini jawabi ba. Muna loda kaya a mota, ita tana riƙe da kai ɗaya na akwatin ganga ni ina riƙe da ɗayan, ta ce, “Jirgin ruwa yana tashi daga Devonport ranar biyu ga wata. Ƙarfe biyar za ka same mu a gareji. In ka makara, Farfesa, a nan za ka yi lacca.” Na buɗe baki zan gabatar da godiya a tsare. Ta ce, “Ɗaga ɓangarenka, yana jan ƙasa.”

To, Kaka, saura magana mai wuya. Zagayen zai kai mu har ƙarshen Janairu. Ma'anarsa ba zan zo Kirsimeti ba, karo na farko tun ranar da kika karɓe ni ina shekara huɗu. Na san kin roƙa mini aikin kamfanin ne ba don kina shakkar ilmina ba, sai don gidan ya yi miki faɗi. Ban taɓa faɗa ba, amma na sani. Ki yi wa manajan godiya a madadina, ki ce ya ba wani. Ranar uku ga Fabrairu zan sauka a filin jirgin Currie, kuma mako biyu cur zan yi, ki tanadi duk aikin da ya fi ƙarfinki.

Ki yafe mini, ki kuma yi murna tare da ni, don murnar ba za ta cika ba sai na san ta iso wurinki. Wannan wasiƙar kam ki ba Anti Noelene ta karanta, sai dai ki sa yatsa ki rufe wurin kukan.

Ni ne jikanki mai ƙaunarki a kusa da nesa,
Fergus Yaxley,
Mai riƙe da sautin Tsatsar Teku.